Yadda Ake Gano Matsala Idan Kilen ReadyBoost Ya Ƙi Ƙara wa Kwamfuta Sauri

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata da masu buga takardu a Maradi na hannu ne, waɗanda suka shigo ta Kano ko ta Kwatano bayan sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa, kuma galibinsu suna zuwa ne da RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta take riƙe aikin da take kai a cikinta, mai giga 2 ko 4 da diski irin na da, mai faifai da ke juyawa a ciki. Irin wannan kwamfuta takan yi nauyi da zarar an buɗe abu biyu ko uku a lokaci guda, shi ya sa mutane suke bin shawarar da ta yaɗu cewa a soka mata kile na USB, wato filashi, a kunna masa ReadyBoost, sai ta ƙara sauri. Shawarar tana da tushe, domin kamfanin Microsoft ne da kansa ya shigo da wannan tsari a Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a watan Janairu na 2007, ya kuma ci gaba da shi a Windows 7 da 8 da 10. Sai dai sau da yawa mutum yakan sayi kile, ya soka, Windows ta ƙi karɓarsa. Ko ta karɓa yau ta manta da shi gobe. Ko kuma komai ya nuna yana aiki amma kwamfutar tana nan da nauyinta. Kowace daga cikin waɗannan tana da dalili, kuma ana iya gano dalilin a gida idan aka bi a hankali.

Abin da kilen yake yi da abin da ba ya yi

Wajibi ne a fara da wannan, domin rabin ɓacin ran da ake yi da ReadyBoost daga rashin fahimtarsa yake. Kile ba ya zama RAM. Ko ka soka mai giga 32, idan kwamfutarka tana da RAM mai giga 2, giga 2 za ta ci gaba da nunawa, kuma duk wanda ya sayar maka da kile da sunan cewa zai ƙara maka RAM bai gaya maka gaskiya ba. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani sashe na Windows da ke lura da manhajojin da ka saba buɗewa, yana kwafar ƙananan gutsattsarin bayanansu daga diski yana ajiyewa a kilen, a cikin fayil guda mai suna ReadyBoost.sfcache. Idan kwamfuta ta buƙaci ɗaya daga cikin waɗannan gutsattsari, sai ta ɗauko daga kilen maimakon ta jira diski. Diski mai juyawa, wanda a kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci yake zagayawa sau 5400 a minti ɗaya, dole ne allurarsa ta tashi ta je inda bayanin yake, ta jira faifan ya kewayo, kuma wannan yakan ci kashi goma ko fiye cikin dubu na daƙiƙa a kowace nema. Kile ba shi da abin da ke motsi, saboda haka yana iya amsawa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu. Abin ya yi kama da ɗan tireda wanda ya ajiye ashana da sukari da magi a kwando kusa da hannunsa, don kada ya riƙa shiga sito kowane minti: kwandon bai faɗaɗa masa teburi ba, bai kuma ɗauke buhunan shinkafa ba, ya dai rage masa zirga-zirga kan ƙananan kaya.

Daga nan za a gane inda amfanin ya tsaya. Idan fayil babba ne da ake karantawa a jere, kamar bidiyo, Windows tana barin diski ya yi aikin, domin a wannan fanni ya fi yawancin kile gudu. ReadyBoost ba ya ƙara wa intanet sauri, ba ya ƙara wa injin lissafin kwamfuta ƙarfi, ba ya kuma hana wasan kwamfuta sarƙewa. Inda ake jin sa shi ne wajen buɗe manhajojin da aka saba da su da kuma komawa daga wannan taga zuwa waccan, musamman a kwamfutar da RAM ɗinta bai wuce giga 1 ko 2 ba. Mai giga 8 da wuya ya ga wani bambanci.

Akwai kuma abin da zai kwantar wa mutum da hankali. Duk abin da ke cikin wannan fayil kwafi ne, asalinsa yana nan a diski, don haka idan kilen ya fita ba zato ba tsammani, takardunka ba za su ɓace ba, kwamfutar za ta koma karatu daga diski ne kawai. Sannan Windows tana kulle abin da ta rubuta a ciki da tsarin ɓoye bayanai na AES mai bit 128, saboda haka wanda ya tsinci kilen ba zai iya karanta fayil ɗin ba.

Idan shafin ReadyBoost bai bayyana ba, ko Windows ta ƙi kilen

Hanyar shiga ita ce a buɗe inda ake ganin diskoki, a danna maɓallin dama na linzami a kan kilen, a zaɓi «Propriétés» idan Windows ta Faransanci ce, ko «Properties» idan ta Turanci ce kamar yadda kwamfutocin da suka biyo ta Kano suke zuwa, sannan a nemi shafin da aka rubuta ReadyBoost a samansa. Idan babu shafin kwata-kwata, abu na farko da za a duba shi ne irin Windows ɗin. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta winver, a danna Enter. Idan ta nuna Windows 11 ce daga sigar 22H2 zuwa sama, to an cire ReadyBoost daga cikinta, kuma babu canjin kile da zai dawo da shi. A nan bincike ya ƙare, sai a koma ga maganar RAM da diski da za ta zo a gaba.

Idan shafin yana nan amma ya ce kwamfutar tana da saurin da ba ta buƙatar ReadyBoost, wannan yana nufin Windows tana zaune ne a kan SSD, wato diskin da ba shi da faifai mai juyawa. Wannan saƙo ba matsala ba ne, kuma bai kamata a nemi hanyar tilasta shi ba, domin SSD ya fi kowane kile gudu nesa ba kusa ba, kuma sa kile a tsakaninsa da kwamfuta ja da baya ne. Wanda yake shakka zai iya danna Windows da R ya rubuta dfrgui, zai ga an bayyana nau'in kowane diski idan Windows ɗinsa daga 8 zuwa sama ce.

Matsalar da na fi cin karo da ita a kwamfutocin da suka taɓa zuwa wurin masu gyara ita ce an kashe sashen da ReadyBoost ya dogara da shi. Sunansa Superfetch a Windows 7 da 8 da farkon Windows 10, sannan daga sigar 1809 ta Windows 10 aka mai da shi SysMain. Masu gyara da yawa suna kashe shi da niyya mai kyau, saboda ana yawan ba da shawarar haka idan diski ya tsaya a kashi 100 cikin 100 na aiki, amma da zarar ya mutu ReadyBoost ma ya mutu. Don tayar da shi, a danna Windows da R, a rubuta services.msc, a gangara cikin jerin har a iske SysMain ko Superfetch, a danna shi sau biyu, a mai da yanayin tashinsa zuwa «Automatique», a danna «Démarrer», sannan a zare kilen a sake sokawa. Idan aka duba jerin daga sama har ƙasa babu sunan, to alama ce ta cewa an sa wa kwamfutar irin Windows ɗin nan da wasu suka yi wa kwaskwarima suka zubar da sassa don ta yi sauƙi. Ba na ba da shawarar zama da irin wannan Windows ko da babu maganar ReadyBoost, domin babu wanda ya san abin da aka cire ko abin da aka cusa a cikinta. Gyaranta shi ne a sake ɗora cikakkiya.

Sai kuma saƙon da ke cewa kilen ba shi da ƙarfin da ake buƙata. A nan ya kamata a daɗe, domin mutane suna kallon girman kile ne, alhali Windows gudunsa take aunawa, kuma gudun a wani irin aiki na musamman. Sharuɗɗan su ne kilen ya kai aƙalla mega 256, ya amsa kira cikin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, ya iya karanta mega 2.5 a daƙiƙa idan ana tsintar gutsattsari masu kilo 4, wato kilobayit 4, daga wurare barkatai, ya kuma iya rubuta mega 1.75 a daƙiƙa da gutsattsari masu kilo 512. Lambobin ƙanana ne a ido, amma kile mai araha da yake kwafar fim da sauri yana iya faɗuwa a wannan jarrabawa, domin tsintar ƙananan abubuwa daga wurare dabam-dabam aiki ne da ya sha bamban da kwarara babban fayil a jere. Gudun da ake rubutawa a jikin kwali kusan kullum na kwararar babban fayil ne, don haka ba ya gaya maka komai game da ReadyBoost.

Kana iya auna kilen da kanka ba tare da sauko da wata manhaja ba. Ka nemi «Invite de commandes» ko cmd, ka buɗe shi da izinin mai gudanarwa, sannan, idan harafin kilenka E ne, ka rubuta wannan:

winsat disk -read -ran -ransize 4096 -drive E

Bayan ƴan daƙiƙoƙi zai nuna gudun karatu, wanda ake so ya wuce 2.5. Don gudun rubutu kuwa sai ka rubuta:

winsat disk -write -ran -ransize 524288 -drive E

wanda ake so ya wuce 1.75. Ka tabbatar da harafin kafin ka danna Enter, domin a wata kwamfutar kilen yakan zama D ko F. Idan sakamakon ya tsaya daf da iyaka, kamar 2.6, Windows tana iya karɓar kilen, amma ribar da za ka samu ba za ta taka kara ta karya ba. Kilen da ya ninka iyakar sau biyu ko uku shi ne wanda za a ji tasirinsa.

Kafin a yanke wa kile hukunci, a gwada shi a wani rami. Ramukan USB na kwamfuta ɗaya ba lallai su zama iri ɗaya ba: USB 2.0 iyakar gudunsa megabit 480 ne a daƙiƙa, USB 3.0 kuwa gigabit 5, kuma galibi ana gane shi da shuɗin harshe a cikin ramin ko haruffan SS a gefensa. A soka kilen kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta ƴar akwatin nan mai raba rami ɗaya gida huɗu ba, domin a nan yana raba hanya da wuta da linzami da modem da duk abin da aka jona. A kuma leƙa cikin ramin da fitilar waya. Duk wanda ya yi hunturu a Maradi ya san yadda ƙura take shiga ko'ina, kuma a ramin USB takan dunƙule a can ƙurya ta zama kamar ɗan auduga mai ruwan ƙasa, ta hana ƙarafan haɗuwa sosai, har kilen ya riƙa aiki da gudun da bai kai nasa ba ko ya riƙa yankewa. A kashe kwamfutar, a cire caja, a sa tsinken sakace na itace a zaƙulo dattin a hankali ba tare da an lanƙwasa harshen ba. Kada a yi amfani da allura ko wani ƙarfe. Bayan haka a koma shafin ReadyBoost a danna inda aka ce a sake gwadawa.

Akwai wata dabara da ke yawo, ta shiga rajistar Windows, wato ma'ajin saitunanta na ciki, a canza lambobin sakamakon gwaji domin a yaudare ta ta karɓi kile mai nawa. Ina roƙon mai karatu ya bar ta. Dabarar tana iya sa shafin ya buɗe, amma ba ta ƙara wa kilen gudu ko kaɗan, kuma sakamakonta shi ne kwamfuta ta riƙa jiran abin da ya fi diskinta nawa, ban da haɗarin ɓata rajistar da kuskuren harafi ɗaya.

Girma, tsarin ajiya, da kilen jabu

Wani yakan sayi kile mai giga 16, ya ga Windows ta ƙi ba shi fiye da giga 4 don ReadyBoost, ya ɗauka lalacewa ce. Dalilin shi ne yawancin ƙananan kile suna fitowa daga masana'anta da tsarin ajiya na FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, kuma ReadyBoost fayil guda yake yi. Maganinsa a kwashe duk abin da ke cikin kilen zuwa wani wuri, a danna maɓallin dama a kansa, a zaɓi «Formater», a sauya tsarin zuwa exFAT ko NTFS. Wannan aiki yana share komai, saboda haka a duba sau biyu cewa kilen aka zaɓa, ba wani sashen diski ba. Daga Windows 7 zuwa sama ana iya ba da har giga 32 a kile ɗaya, a kuma haɗa har kile takwas, jimilla giga 256. Vista ce take tsayawa a giga 4 da kile guda. Amma ba a buƙatar ko kusa da haka. Shawarar Microsoft ita ce a ba da daidai girman RAM zuwa ninkinsa uku, wato kwamfuta mai giga 2 tana wadatuwa da giga 2 zuwa 6, tun da ma Windows tana matse bayanan kafin ta rubuta su.

A shafin akwai zaɓi biyu na amfani, ɗaya yana keɓe kilen gaba ɗaya ga ReadyBoost, ɗayan yana barin ka ja ma'auni ka bar sauran wurin don fayilolinka. A ganina na farko ya fi, kuma dalilin ya wuce maganar gudu. Kilen da yake zuwa siber da wurin buga takardu da kwamfutocin abokai a jami'a ba ya daɗewa bai kwaso ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi ba, kuma idan shi ne kullum yake maƙale a jikin kwamfutarka, ka ba cutar masauki, ita kuma tana cin RAM da ƙarfin injin da kake ƙoƙarin tattalawa. Kilen ReadyBoost ya zauna a gida, na yawo ya zama daban.

Maganar jabu kuwa ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Akwai kile da ake rubuta wa giga 64 ko 128 a jiki, har kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce giga kaɗan ba, an dai yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Irin wannan yana aiki lafiya har sai an cika ainihin girmansa, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya hau kan na baya ko ya ɓace. Da yake ReadyBoost yana kama babban wuri a tashi ɗaya, yakan tona asirin irin wannan kile da wuri: fayil ɗin ya ƙi kammaluwa, ko Windows ta riƙa cewa a gyara kilen duk lokacin da aka soka shi. Akwai ƴar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ta fito daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus, da ke cika kile da bayanai sannan ta karanta su ta faɗi nawa ne suka dawo daidai. Gwajin yana ɗaukar lokaci, wani lokaci fiye da awa ɗaya a babban kile, amma shi ne yake raba gardama. Wanda zai sayi sabo a kasuwa ya yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ya biya cewa zai gwada, idan girman bai cika ba zai dawo da shi, ya kuma yi hattara da farashin da ya yi araha fiye da kima.

Idan kilen na gaskiya ne amma Windows tana ƙorafi a kansa, a gwada chkdsk E: /f a waccan baƙar taga ta cmd, domin yawan zare kile ba tare da an sallame shi ba yakan hargitsa tsarin ajiyarsa. Idan kuwa ya fara cewa an kulle shi ba a iya rubutu a ciki, kuma babu wani ɗan makulli a jikinsa, sau da yawa wannan alama ce ta tsufa: ƙwayoyin ajiyar kile suna da iyakar adadin rubutun da suke ɗauka, kuma idan suka gaji wasu kile sukan kulle kansu don a samu a kwashe abin da ke ciki. A kwashe, a nemi wani.

Idan yana aiki yana yankewa

Wannan ya fi faruwa idan an ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, domin a lokacin Windows takan fara tsimin wuta, ciki har da sa ramukan USB barci. A buɗe «Gestionnaire de périphériques», a faɗaɗa sashen masu kula da USB, a shiga kowane «Concentrateur USB racine», wanda a Turanci yake «USB Root Hub», a je shafin kula da wuta, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tsimi. Sannan a shiga saitin wuta mai zurfi, a nemi dakatar da USB na zaɓi, a kashe shi a kan batir da kan caja duka. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma kilen zai daina ɓacewa.

Sauran dalilan na jiki ne. Dogon kile da ya fito waje kamar yatsa, idan aka sa kwamfutar a jaka da shi aka hau kabu-kabu, kowane rami a hanya yana lanƙwasa shi tare da ramin USB ɗin, har wata rana a ga sai an danne shi da hannu yake kamawa, kuma gyaran ramin da ya karye daga allon ciki ya fi kilen tsada. A zare shi kafin tafiya, ko a sayi irin gajeren nan da kaɗan ne yake leƙowa. Idan kwamfutar tana da ramin katin SD, kati mai gudu yana iya yin wannan aiki, kuma yana shigewa ciki gaba ɗaya. Zafi ma yana da nasa rabon: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40, kilen da aka soka a gefen da fanka take fitar da iska yakan yi zafin da ba a iya riƙe ƙarfensa, kuma a wannan hali yana rage gudu ko ya yanke. A mai da shi ɗaya gefen, a kuma daina ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma, inda ƙofofin iskarta suke toshewa.

Kada kuma a yi gaggawar yanke hukunci a mintunan farko bayan kunna kwamfuta. A lokacin ne Windows take cika kilen, za a ga fitilarsa tana ƙiftawa diski kuma yana aiki, kwamfutar ma tana iya ɗan ƙara nauyi. A ba ta minti goma, a kuma yi kwanaki ana aikin da aka saba, domin sashen SysMain ya koyi abin da aka fi buɗewa. Mai son ganin hujja da idonsa zai iya rubuta perfmon, ya ƙara ma'aunan «ReadyBoost Cache», ya ga ko ana karatu daga kilen ko ba a yi.

Idan komai daidai ne amma nauyin bai tafi ba

A nan ne ya kamata a daina zargin kile a dubi kwamfutar kanta. A danna Ctrl da Maj da Échap tare, waɗanda a madannan Turanci su ne Ctrl da Shift da Esc, a shiga shafin da ke nuna aikin injin da RAM da diski, a bar shi a buɗe ana aikin yau da kullum. Idan RAM ne yake cika har kashi 90 zuwa sama da zarar an buɗe Chrome da Word, to ƙarancin RAM ne ciwon, kuma maganinsa RAM. A wannan shafin, a Windows 10, ana ganin ramuka nawa ne aka yi amfani da su, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da rami na biyu da babu komai a ciki. Kafin a saya a tabbatar da nau'in, domin DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, kuma wasu kwamfutoci DDR3L mai ƙaramar wuta kaɗai suke karɓa. Hanya mafi aminci ita ce a tafi da kwamfutar wurin mai sayarwa a gwada a gabanka. A kuma duba ko Windows ɗin mai bit 32 ce, domin ita ba ta iya amfani da fiye da giga 4 ko nawa aka sa mata.

Idan injin ne yake tsaye a sama ba tare da ana wani babban aiki ba, a duba jerin manhajojin da ke tashi tare da Windows a kashe waɗanda ba a buƙata, a tabbatar ba a ɗora riga-kafin ƙwayoyin cuta biyu a lokaci guda ba, a kuma saurari fanka: idan tana kuka ba ƙaƙƙautawa, ƙura ta toshe ta, injin kuma yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, abin da ke buƙatar mai gyara ya buɗe ya share.

Idan diski ne yake manne a kashi 100 cikin 100 alhali abin da yake karantawa kaɗan ne, musamman idan ana jin ƙas-ƙas daga cikinsa ko kwamfuta tana daskarewa na ƴan daƙiƙoƙi ta sake, to a yi maza a duba lafiyarsa da manhajar kyauta ta CrystalDiskInfo, wadda take nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai gargaɗi, ja idan ya lalace. Da zarar an ga rawaya, a ajiye duk wani gwaji a fara kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri a ranar, musamman ɗalibin da kundin kammala karatunsa yake ciki, domin ReadyBoost yana iya rufe alamun diski mai mutuwa na ɗan lokaci ta hanyar rage masa aiki, amma ba ya ajiye maka ko fayil ɗaya da za ka iya dawo da shi. Diskin da zai maye gurbinsa ya zama SSD mai inci 2.5 na SATA, wanda yake shiga daidai gurbin tsohon a mafi yawan kwamfutocin wancan zamani, kuma ko mai giga 128 ko 256 ya isa Windows da aikin ofis. Tsohon diskin, idan yana da sauran lafiya, ana iya sa shi a ƴar akwatin USB ya zama ma'ajin waje. Bayan an sa SSD, Windows da kanta za ta kashe ReadyBoost. Sai a shiga shafin kilen tun kafin canjin a zaɓi «Ne pas utiliser ce périphérique» domin fayil ɗin ReadyBoost.sfcache ya goge, ko a yi wa kilen fomat daga baya, ya koma aikin ɗaukar fayiloli.